Ciwon Baya Bayan Ɗaga Ƙarfe: Matakan da Na Bi Daga Ɗakin Kati Zuwa Sashen Gashin Ƙashi

Duk wanda ya daɗe a harkar ɗaga ƙarfe ya san ba a rasa wani a cikin abokan atisaye wanda baya ya taɓa riƙe masa, kuma sau da yawa abin da ya fi ciwon kansa wahalar da mutum shi ne rashin sanin inda zai dosa. Wani zai ce a tafi kemis, wani ya ce wurin maɗori, wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, idan kuma aka ce asibiti, ba kowa ne ya san ƙofar da ake fara shiga da wadda ake ƙarewa a cikinta ba. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, shekaruna sun ɗan haura 40, kuma na daɗe ina zuwa gidan motsa jiki bayan an tashi daga aiki. Zan bayyana matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga ranar da bayana ya riƙe har zuwa lokacin da aka sahale mini na koma ɗaukar nauyi, domin wanda ya sami kansa a irin wannan hali ya san abin da zai tarar a gaba, da takardun da zai tanada, da kuma abin da bai kamata ya zuba kuɗinsa a kai ba.

Abin ya faru ne da yamma, ina ɗaga ƙarfe daga ƙasa zuwa ƙugu, nauyin da na saba ɗauka ba tare da wata wahala ba. Ina cikin miƙewa wani zafi ya soke ni a ƙasan baya ta ɓangaren dama. Na ajiye ƙarfen, na taka da ƙafata zuwa mota, ina zaton kafin gari ya waye zai saki. Da asuba na kasa sunkuyawa in wanke ƙafa wajen alwala, sallar ma a kan kujera na yi ta, kuma duk lokacin da tari ko atishawa suka zo sai na dafa bango. Kafin mako ya zagayo ciwon ya gangaro ta ɗuwawu ya bi bayan cinya har ƙasa da gwiwa, gefen ƙafata kuma yana ta minjirya. A tsakanin nan shawara ba irin wadda ban ji ba. Kocinmu ya ce in zo ya ja ni ya yi mini tausa mai ƙarfi, yayana ya ce akwai wani maɗori da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, mai kemis na unguwarmu kuwa ya ce allura ce kawai maganin abin. Gangarowar ciwon zuwa ƙafa ita ta sa na ajiye duk waɗannan na nufi asibiti.

Da yake ina cikin tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda dokar 2022 ta mayar da shi ƙarƙashin hukumar NHIA a madadin NHIS ta da, dole ne in fara da asibitin da na zaɓa tun lokacin rajista. Wannan shi ne abu na farko da mutane ke ruɗewa a kai: mai inshora ba ya wucewa kai tsaye zuwa babban asibiti ya ce a duba shi a kan katinsa, sai dai idan larurar gaggawa ce. Na isa da sassafe, na miƙa katin inshora a ɗakin kati, aka ce in zauna a nemo fayil. Zaman benci ga mai ciwon baya azaba ce ta daban, saboda haka na riƙa miƙewa ina kai da komo a baranda, kunnena na wajen mai kiran suna. Bayan an samo fayil aka tura ni wurin ma'aikaciyar jinya, ta auna nauyina da zafin jikina da kuma jinina. Awon jinin ya ɗan haura 140 bisa 90, wato iyakar da ake fara maganar hawan jini. Ta ce, "Yallaɓai, kada hankalinka ya tashi, ciwo da doguwar tsayuwa na iya ɗaga shi, ka huta kaɗan mu sake." Da ta sake ya sauko, amma duk da haka ta rubuta duka biyun a fayil, kuma wannan rubutu ya yi amfani daga baya.

Sai wajen azahar na ga likita. Na shiga da shirin a ce in tafi ɗaukar hoto, amma ya zaunar da ni ya jero mini tambayoyin da a lokacin na ga kamar ba su da alaƙa da ƙarfen da na ɗaga. Ya tambaye ni ko fitsari yana ƙin fita ko yana zubo mini ban sani ba, ko ina iya riƙe bayan gida, ko na daina jin taɓi a matsematsina da kewayen dubura, ko ƙafar tana ƙara rauni har ina tuntuɓe. Ya tambayi zazzaɓi, da gumin dare, da rama ba dalili, da tsohon tari, da ko ciwon yana tashina daga barci ko da ban motsa ba. Duka na ce a'a. Ya yi mini bayanin cewa rukunin farko alamu ne na matsewar jijiyoyin ƙarshen laka, larurar da ba ta jiran gobe domin aikin tiyata na gaggawa take buƙata, rukuni na biyu kuma yana neman cututtuka irin su tarin fuka da ke kama ƙashin baya, wanda har yanzu ake gani a ƙasarmu, ko ciwon daji. Daga nan ya sa na taka a kan dunduniya, na taka a kan yatsu, ya ƙwanƙwasa gwiwa da agara da 'yar gudumar roba, sannan ya kwantar da ni rigingine ya ɗaga ƙafar dama a miƙe. Tun ba ta yi nisa ba zafin ya bi ta bayan cinya ya sauka. Ya ce ga dukkan alamu faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya ne ya ɗan turo yana gugar jijiyar da ke sauka ƙafa, kuma ƙasusuwa biyu na ƙarshe a ƙugu nan ne aka fi samun hakan.

Na ce, "Likita, ranka ya daɗe, to ba za a yi mini hoton MRI ba?" Amsar da ya ba ni ita ce abin da na fi so mai karatu ya riƙe a duk wannan bayani. Ya ce hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi yake nunawa, ba ya nuna faifai ko jijiya, MRI kuwa yana nuna su, amma a matakin da nake ba zai canza maganin da za a ba ni ba, tunda babu alamar haɗari kuma ƙarfin ƙafata bai ragu ba. Ya ƙara da cewa idan aka ɗauki hoton bayan mutanen da ba su taɓa kukan ciwo ba, za a tarar da yawansu faifan ya turo ko ya sassaɓe, kuma abin na ƙaruwa da shekaru kamar yadda furfura ke ƙaruwa, ba tare da ya zama cuta ba. Illar ita ce mutum ya karanta rahoton, ya ga manyan kalmomi, ya ɗauka bayansa ya lalace, ya daina motsi, rashin motsin kuma ya tsawaita ciwon. Ya ce mu ba abin makonni shida, idan bai fara sauƙi ba ko wata alamar haɗari ta ɓullo, to a nan hoto ya wajaba, kuma zai tura ni wurin likitocin ƙashi irin na Asibitin Ƙashi na Dala. Ban fito da cikakkiyar gamsuwa ba, har na biya wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta na tambayi farashi. Kuɗin da suka faɗa ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kuma nesa ba kusa ba. Na haƙura na bi maganar likita, har yau kuma ba a ɗauki hoton ba.

Kafin ya rubuta magani ya tura ni ɗakin gwaji a duba fitsari da lafiyar ƙoda, saboda awon jinin da ya gani a fayil, da kuma irin maganin da yake son ba ni. Ya tambaye ni ko ina da gyambon ciki, da ko ina shan wani abin ƙarin ƙarfi na masu ɗaga ƙarfe. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin garin kiriyatin da wasu ke sha, da yawan tsoka, da atisaye mai tsanani dab da gwaji, duk suna iya ɗaga sakamakon awon ƙoda har a yi zaton akwai matsala alhali babu. Sakamakon ya fito washegari lafiya lau. Aka ba ni maganin rage zafi da kumburi na ɗan gajeren lokaci, da sharaɗin kada in sha sai na ci abinci, kada kuma in haɗa shi da wani irinsa daga kemis. A kantin maganin asibitin na biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin, kamar yadda tsarin inshorar ya tanada. Likitan ya kuma hana ni kwanciya wuni guda: in riƙa takawa gwargwadon iko, in koma ofis, amma kada in daɗe a zaune ban miƙe ba.

Mataki na gaba shi ne ya fi cin lokaci, ba don wuyarsa ba sai don takardu. Likita ya rubuta takardar tura ni sashen gashin ƙashi na wani babban asibitin gwamnati, wato inda ake jinya ta hanyar atisaye da motsa gaɓɓai, amma takardar ita kaɗai ba ta isa ba, sai kamfanin da ke kula da inshorata ya bayar da lambar amincewa. Teburin inshora na asibitina ne ke neman lambar, ni kuwa aikina jira. Da na ji shiru na kira layin kamfanin da kaina, na karanta musu lambar katina da sunan asibitin da aka tura ni, bayan 'yan kwanaki lambar ta zo. A babban asibitin aka sake buɗe mini sabon fayil, domin fayil ɗin wani asibiti ba ya aiki a wani. Sai da na bi teburin inshora aka tantance lambar, na koma ɗakin kati, sannan na isa sashen gashi, inda aka duba littafi aka ba ni rana a mako na gaba. Waɗanda ba su da inshora na ga ana ba su lambar biya ta Remita, tsarin biyan kuɗin gwamnati ta intanet, su je wurin biyan kuɗi su dawo da rasit, kuma idan intanet ta tsaya layin ma tsayawa yake yi. Wanda zai je ya tafi da katin shaida, da katin inshora, da takardar turawa ta asali tare da kwafinta, da sakamakon gwaje-gwajensa, ya kuma ɗauki hoton kowace takarda a wayarsa kafin ya miƙa ta, domin wadda ta shiga fayil ba lallai ne ta sake dawowa hannunsa ba.

Sunan da muke kiran wannan sashe da shi ya sa na zaci za a kwantar da ni ne a kunna mini fitila a baya in tashi. Jami'ar da ta karɓe ni ta shafe fiye da rabin awa tana aune-aune. Ta sa na sunkuya gaba, na gantsare baya, na karkata dama da hagu, tana tambayar wane motsi ne ke tura zafin zuwa ƙafa, wane ne kuma ke janye shi zuwa tsakiyar baya. Ta ce wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙa bi: idan ciwo ya baro ƙafa ya tattaru a baya, ko da ya ɗan ƙaru a can, alamar sauƙi ce, idan kuwa ya ƙara gangarawa ƙasa, to motsin da ya jawo haka a dakata da shi. Ta tambayi yadda nake zama a ofis, da irin katifata, da ko banɗakin gidana na tsuguno ne, da yadda nake yin ruku'u da sujada. Daga ƙarshe ta ce, "Malam, me kake so ka koma yi?" Na ce ɗaga ƙarfe, ina jiran ta yi mini faɗa. Sai ta rubuta shi a fayil a matsayin abin da za mu sa a gaba, ta ce ba ta ga dalilin da zai hana ba.

A zaman farko-farko an gasa mini bayan da ɗumi, an kuma manna mini wasu wayoyi masu ɗan jan lantarki, kuma lallai na ji daɗinsu. Amma ta gaya mini ƙarara cewa waɗannan na rage zafi ne na ɗan lokaci domin in iya motsi, ainihin maganin shi ne atisayen da zan yi a gida kullum. Ta fara ni da kwanciya rub da ciki ina ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu, da tafiyar minti 10 safe da yamma. Daga baya aka ƙara ɗaga ƙugu sama ina kwance rigingine, da durƙuso a kan hannu da gwiwa ina miƙa hannu ɗaya da ƙafar da ke ɗaya ɓangaren, da tokare jiki a gefe. Lambar inshorar ta ƙunshi ƙayyadadden adadin zama ne, da suka ƙare na ci gaba da biya daga aljihuna, 'yan dubban nairori a kowane zuwa, sai dai kuɗin mai da lokacin aikin da nake rasawa sun fi kuɗin zaman kansa nauyi. Na faɗa mata haka, ta rage yawan zuwana ta ƙara yawan aikin gida, ta zana mini kowane motsi a takarda. Wanda zai nemi mai gashin ƙashi a waje, musamman masu zuwa gida, ya tabbatar yana da rajista da hukumar MRTB mai ba su lasisi, domin ba duk mai na'urar tausa ne ya karanci aikin ba.

Sauƙin bai zo a jere ba. Akwai makon da na ji kamar na warke, sai doguwar tafiya a mota kan hanya mai ramuka ta dawo da ni baya, kuma a irin waɗannan ranaku ne 'yan uwa suka fi matsa mini. Yayana ya ce, "Kai dai ka cika taurin kai, ga mai ɗori can mutane na zuwa a ɗauke suna komawa da ƙafarsu." Ba na raina sana'ar ɗori, amma a ganina ɗori na abin da ya karye ne ko ya goce, ni kuwa babu ƙashin da ya karye a jikina, kuma ban yarda a danne ko a murɗa bayan da jijiyarsa ke a matse ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sanin cewa ba ni kaɗai ba ne kuma yawanci ana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciwo ba a iya danganta shi da wata takamaimiyar cuta ko lalacewar wani sashe. Wajen mako na shida minjiryar ta ɗauke, na koma yin sallah a tsaye, kuma da na koma wurin likitan farko ya sake gwada ƙarfin ƙafata ya ce babu buƙatar hoto. Ya sake auna jinina, ya ce in riƙa aunawa lokaci zuwa lokaci in rubuta a takarda.

Komawa gidan motsa jiki ma a ƙarƙashin kulawar jami'ar sashen gashi aka yi shi. Ta fara koya mini sunkuyawa daga kwankwaso maimakon lanƙwasa gadon baya, da sanda a jingine a bayana tana taɓa ƙeya da tsakiyar kafaɗu da ƙugu. Sannan na fara ɗaga sandar ƙarfen zalla, wadda nauyinta kilo 20 ne, kuma ba daga ƙasa ba, daga kan wani dandamali da ya kai tsayin gwiwa. Kowane mako ko biyu nakan ƙara kaɗan, in kuma rage tsayin dandamalin, bisa sharaɗi ɗaya: idan zafi ya wuce yini guda bayan atisaye ko ya sauka ƙafa, in koma nauyin baya. Ba ƙaramin haƙuri ake buƙata ba mutum ya tsaya da sanda fayau a gefen samarin da a da yake koya wa. Ta kuma ja hankalina kan numfashi, domin riƙe numfashi da yunƙuri yayin ɗaga nauyi mai yawa yana ɗaga jini sosai na ɗan lokaci, abin da ya kamata mai awo irin nawa ya kula da shi. Game da ɗamarar fata da muke ɗaurawa a ƙugu, ta ce tana taimakawa wajen tokare ciki idan nauyi ya yi yawa, amma ba ta hana rauni, kuma ba a yawo da ita wuni guda. Na ƙara tafiya da tuƙa keke a cikin tsarina, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 cewa baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Sai da aka yi wasu watanni kafin na kusanci nauyina na da.

Daga abin da na gani, wanda bayansa ya riƙe wajen atisaye ya fara tambayar kansa alamun nan da likita ya jero mini. Idan fitsari ko bayan gida ya rikice, ko matsematsi ya daina jin taɓi, ko ƙafa tana mutuwa, to sashen gaggawa za a nufa a daren, ba a jiran lambar inshora. Idan babu ko ɗaya, ba laifi a ba shi 'yan kwanaki ana takawa, amma ciwon da ya sauka ƙasa da gwiwa ko ya ƙi raguwa yana buƙatar likita, kuma tun a ganin farko a roƙi takardar zuwa sashen gashi, tunda lambar amincewa da samun rana suna cin lokaci. Magungunan zafi irin su diklofenak da ibuprofen da ake saye kamar alewa suna iya jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda idan aka daɗe a kansu, musamman ga mai hawan jini ko wanda ke atisaye cikin zafin bazara bai sha isasshen ruwa ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da jami'ar ta ce in isar wa abokan atisayena, kuma na ga sun dace a nan. Na farko, ciwon tsoka da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan sabon atisaye abu ne da aka saba, yakan wuce da kansa, amma idan tsoka ta kumbura ta yi tsami fiye da kima kuma fitsari ya koma kalar baƙin shayi, wannan alama ce ta narkewar tsoka da ke iya toshe ƙoda, kuma asibiti ake zuwa nan take. An fi ganin haka ga sabon shiga da aka gallaza wa a ranar farko, ko wanda ya daɗe bai yi ba ya dawo ya fara da atisaye mai tsanani. Na biyu, ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe ba tsoka suke ginawa ba: da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke tara ruwa da kitse, ya ɗaga sukari da jini, ya kuma raunana ƙashi idan aka daɗe ana sha. Abin da tsoka ke buƙata yana cikin wake da ƙwai da awara da gyaɗa da nono da kifi, tare da isasshen barci. Ga masu tambayar yadda za su yi da azumi, tsarin da ta ba ni shi ne in mayar da ɗaga nauyi zuwa bayan buɗa-baki, in rage yawansa a watan, in kuma bar duk wani ƙarin nauyi sai bayan sallah.